Kaushin Jaratu

Duk wanda ya san Jaratu a ƙauyensu da ke bayan Ibohaman, da ƙafa ya san ta. Fuskarta ba ta da wani abin faɗi, irin wadda za ka gani a bakin rijiya ka manta kafin ka kai gida ce. Amma ƙafar, sai ka sake kallo. Tafin ya yi kauri kamar ƙirgi, dunduniya ta tsattsage, har yara kan ce ana iya ɓoye ƙwayar gero a cikin fason a dawo a tarar da ita. Ta hagu kuma yatsunta huɗu ne. In mutane suka ga sawu mai yatsa huɗu a hanyar fadama da safe, sun san Jaratu ta riga kowa fita.

Ba da yatsa huɗu aka haife ta ba. Zamanin da proje na raya karkara ya zo ana jera duwatsu a kan tudu don tare ruwan sama, mata ne suka yi dakon, ana sallamarsu da dawa da man girki. Jaratu tana cikinsu, da goyon ɗanta na fari. Wata rana ta ɗora dutsen da ya fi ƙarfinta, gammo ya zame, ta ji dutsen yana komawa baya, daidai inda kan yaron yake. Sai ta fizgi wuyanta gaba da iyakar ƙarfinta. Dutsen ya bi ta gabanta ya sauka a kan ƙaramin yatsa. Aka ɗaure da tsumma, aka kai ta likita a kan jaki, abin da ya rage na yatsan can aka baro shi. Yaron ko farkawa bai yi ba.

Sunan yaron Harisu. Ni da ku muna iya faɗinsa, Jaratu kuwa ba ta taɓa faɗa ba. Ɗan fari ne, kuma ita a gidan da ake kunyar ɗan fari ta tashi, kunya ta gaske, ba irin ta yanzu da ake yi rabi da rabi ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon idonsa. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ɗakinta kuwa yana kallon na Jaratu. In ta kama dole a ambace shi, sai ta ce "na tsohuwa". Akwai wani Harisu mai sayar da gishiri a kasuwa, shi ma bai tsira ba, "mai gishiri" take ce masa har ya mutu. Mata suna yaba mata, suna cewa Jaratu ta san kanta.

Son da take yi wa yaron a ɓoye take yin sa, kamar mai sata. In an yi yanka, ƙashin da ya fi tsoka a kwanon tsohuwa yake faɗawa, alhali tsohuwar ba ta da haƙori. Da ƙyanda ta kama shi, Jaratu ba ta shiga ɗakin ba. A bayan ɗakin ta zauna tana tsinkar zogalen da ba wanda ya sa ta tsinka, kunnenta manne da bango tana ƙirga tarinsa. In ya dawo daga kiwo ta leƙo ta kafar zana ta ƙare masa kallo, da ya waiwayo sai ya tarar tana duba tukunya. Abin da yaron ya gani ke nan tun yana rarrafe: mace mai juya masa ƙeya.

Bai gama zama saurayi ba ya bi masu tafiya bida, neman kuɗi, zuwa Abijan. Ya yi tallar ruwa, ya yi yankan farce a bakin titi, daga baya ya samu shiga wani shago na ƴan Sin inda ake tausar ƙafa. Can ya koyi sana'a, can kuma ya ga abin da ya ɓata masa rai har yau. Ya ga ƙato mai gemu ya zo da uwarsa, tana kiran sunansa da ƙarfi, tana shafa masa kai a gaban jama'a, ba wanda ya ce ta yi abin kunya. Tun daga nan ya fara auna tasa uwar da ma'aunin wasu. Da ubansa Isaka ya rasu, saƙo ya aiko. Da kakar ta rasu ya zo da kansa, ya shigo gida da gemu da tabarau, Jaratu ta ji kamar ƙirjinta zai tsage don murna, sai ta ja mayafi ta juya wajen rumbu. Ya yi zaman makoki ya koma.

Bara ya dawo ƙasa, amma bai zo gida ba. Madawa ya sauka, inda akwai gudron, hanyar kwalta, da kuɗin albasa, ya kama ɗaki ya buɗe wurin tausar ƙafa mai araha, na mai kabu-kabu da malamin lakwal mai koyar da boko da matar ɗan kasuwa. Labari yana isowa ƙauye ta wayar Zalika, autar Jaratu, wadda ita ake kiran sunanta sau ɗari a wuni, galibi da faɗa. Wata rana Zalika ta ji daga bakin wasu cewa yayanta yana neman aure a Madawa, ta aika masa da saƙon murya tana cewa ai ya kamata Inna ta fara ji. Amsar da ya aiko, Zalika ta kunna ta a tsakar gida ba tare da ta san abin da ke ciki ba.

"Wace Inna? Innata ta mutu, ni nab binne ta. Waccan ta taɓa kirana? Ta taɓa dubana? Ke ɗiyarta ta, ni ban san ko mi ni ba."

Jaratu tana tankaɗe. Ta ci gaba da tankaɗen har garin ya ƙare, ta kuma ci gaba da kaɗa rariyar babu komai a ciki. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yaron bai sani ba. Ta ɗauka kowa ya sani, tun da kowa a garin ya sani. Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya tun daga ranar: kada a ɗaura wa yaron nan aure yana ganin ba shi da uwa. Yadda za ta sanar da shi kuwa ba ta sani ba. Ta dai yanke cewa in ya gan ta ta taso tun daga kan dutse har Madawa, ita da ba ta taɓa wuce Keita ba, zai gane.

Ta ba wata Buzuwa maƙwabciyarta wake, aka ba ta cuku mai kyau, irin wanda yake so yana yaro. Ta ƙulle a sabon ƙyalle. Ranar kasuwa ta hau bayan mota zuwa Buza, daga can ta hau wata. Silifas ɗinta suna saman ƙunshin, don ita takalmi na shiga gari ne, ba na tafiya ba. A tashar Madawa wani mai kabu-kabu ya tare ta ya ce ina za ta. Sunan Harisu ne a rubuce a allon shagon, duk garin da sunansa ake kiran wurin, amma ita ba ta da bakin faɗi. Ta ce a kai ta inda ake matsa ƙafa. Mutumin ya dubi ƙafarta ya kai ta gidan maɗori. Sai da aka yi ta kwatance kafin ya gane, ya sauke ta yana tsaki.

Wurin ɗaki guda ne aka raba da labule, gefe na maza, gefe na mata. Kujerun roba, robobin wanka a gaban kowace kujera, fanka tana juyi da ƙyar. Ƙamshin man zafi ya cika ko'ina. An jingina wata waya a taga tana fitar da ƙarar ruwa mai gudu, har Jaratu ta waiga tana neman inda ake ɓarnar ruwa haka. A bango an manna babban hoton tafin ƙafa, an yanka shi gida-gida da launi kamar gonakin gado.

Matar da ke kula da gefen mata, Raihana, ta taso tana goge hannu.

"Sannu, Inna. Wa kika bida?"

"Mai wurin nika bida."

"Patron ya hita, shina zuwa. Ke ƴar'uwatai ta?"

Nan ne ya kamata Jaratu ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma Raihana ba ta da mugunta, da ta ji da ta shimfiɗa mata tabarma. Amma bakin da ya shekara talatin da wani abu a rufe ba ya buɗewa don an tambaye shi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni mutunniyar garinsu ta."

Raihana ta bi sunkuyon da ido har ƙasa, sai ta ga ƙafar. Fuskarta ta washe kamar wadda ta yi tsintuwa. Tun watan jiya patron ya ce mata yana son buga sabon allo, ƙafa biyu, ɗaya kafin aiki ɗaya bayan aiki, kuma duk ranar da mai mummunar ƙafa ta gaske ta shigo a yi mata kyauta a ɗauki hoto. Matan Madawa kuwa duk sun ƙi kawo irin wadda ake so.

"Kai! Zamna nan, Inna, zamna. Yau ba ki biyan komi. Patron ya daɗe shina jiran wagga ƙahwa."

Jaratu ta ji maganar ta ratsa ta. Ashe ya sani. Ashe ya ba su labarin yatsan, da dutsen, da goyon. Ashe saƙon nan fushi ne kawai na yaro. Ta zauna a bakin kujerar, ta ajiye ƙunshin cuku a gefenta, tana danne murmushi don kada a ce ta yi rawar kai. Da Raihana ta ce bari ta ɗauki hoto, sai ta gyara mayafi, ta miƙe wuya, ta haɗa leɓe. Wayar ba ta ko bi ta kan fuskarta ba. Raihana ta durƙusa ta ɗauki dunduniya, ta ɗauki tafi, ta ce a ware yatsun hagu a ga giɓin da kyau.

A kujerar kusa akwai wata mace mai jiki, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi, tana cin gyaɗa. Hajiya Rukaiya ke nan, matar wani dillalin albasa, uwar Amira da Harisu yake nema. Tana da halin zuwa Yamai a yi mata tausa a wuri mai sanyi, amma nan take zuwa kowane mako, saboda surukar gobe ba a karɓar kuɗinta. Ta dubi ƙafar Jaratu, ta dubi Raihana, ta ce a raba musu tawul.

Aka zuba ruwan ɗumi da gishiri da wani ganye. Jaratu ta tsoma ƙafa, kuma gaskiya ta ji daɗi, daɗin da ba ta san akwai irinsa ba. Tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa wanke mata ƙafa, ita ce mai wanke na wasu. Raihana ta ɗago ta hagu ta ɗora a cinyarta, ta ɗauko wani ɗan itace mai santsi, tana nuna hoton bango tana bayani. Kowane lungu na tafin ƙafa, in ji ta, yana da ɗan'uwa a cikin jiki. Nan hanta, nan ƙoda, nan ido. In an danna aka ji zafi, to can ciki akwai magana. Ta danna hanta, Jaratu ba ta ji ba. Ta danna ƙoda, shiru. Ta kai itacen ƙarƙashin giɓin yatsan, ta danna da hannu biyu.

"Nan zucciya ta, Inna. Ba ki ji komi?"

"Ban ji ba, ɗiyata."

"Mutanen kan dutsi ai ba su da ita," in ji Hajiya, tana hure ɓawon gyaɗa. "In sun samu, saida ta suka yi su sai jaki."

Raihana ta yi dariya ta ce sai an kankare kaushin kafin aiki ya shiga. Jaratu ta so ta ce a bar mata abinta. Ta san amfaninsa, ko ba ta iya faɗa ba. Amma yaron ne ya ce a yi, kuma wannan ne abu na farko da ya taɓa ba ta. Ta miƙa ƙafar. Raihana ta sa aska, ta bi da dutsen goge ƙafa, fata tana zuba a kan jarida fari fat kamar ɓawon rogo. Hajiya ta ce kada a zubar, a kai wa dukawa su ɗinka takalmi. An daɗe ana yi, har hannun Raihana ya gaji ta canja. Da aka gama, tafin ya fito ja-ja, laushi kamar na jariri, iskar fanka ma sai da Jaratu ta ji ta a kai.

Ana cikin shafa mai aka yi sallama a bakin labule. Jaratu ta san muryar tun kafin a kai ƙarshen sallamar. Raihana kuwa a daidai lokacin ta sake kai babban yatsanta wurin nan na ƙarƙashin giɓi, ta danna, Jaratu ta zabura har ruwa ya fantsama.

Harisu ba ya shiga gefen mata, sai in Hajiya tana nan, ya ɗaga gefen labule ya durƙusa ya gaishe ta. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa yadda ake yi wa suruka, saboda haka ƙafar ya fara gani, a kan tawul, da yatsunta huɗu. Kakarsa ta ba shi labarin yatsan nan ya fi a ƙirga. Gaisuwar ta tsaya masa a baki. Ya ɗago a hankali yana neman fuskar.

Jaratu ta ja mayafi ta juya wajen bango. Ba ta yi shawara da kanta ba, wuyan ne ya juya, yadda ya saba. Tafiyar wuni guda, da cukun, da duk abin da ta taho da shi a ciki, abin da yaron ya gani shi ne ƙeyar da ya sani.

"Harisu," in ji Hajiya, "wagga baiwar Allah tac ce mutunniyar garinku ta. Ka san ta?"

Ya dubi ƙeyar. Sa'an nan ya ce, ba da ƙarfi ba, "A tambaye ta, Hajiya. Tsohuwa, kin san ni? Wa ni? Hwaɗi sunana."

Ko ƙofa ya buɗe mata ko tarko ya ɗana, Allah kaɗai ya sani, wataƙila shi ma bai sani ba. Fanka tana juyi, ruwan ƙarya yana gudu a cikin waya. Jaratu ta ji sunan ya taso tun daga cibiya, ya zo maƙogwaro, ya tsaya a bayan haƙora. Ta ga uwarta, ta ga kakarta, ta ga duk matan da suka ce Jaratu ta san kanta. Ga baƙi, ga surukai, ga shi kansa a durƙushe.

"Na tsohuwa na," ta ce wa bango. "Ɗan mutane na."

Harisu ya yi wata ƴar dariya ta hanci. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Maƙwabciyarmu ta, Hajiya. Ita ka yi ma innata surhe."

Hajiya Rukaiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ita ma an yi mata kunyar ɗan fari, ita ma ta yi wa nata kafin zaman gari ya sa ta daina. Tana ganin juyin wuyan nan ta gane komai, har da kamar goshi da ke tsakanin su biyun. Da ta buɗe baki ta ce, haba, wannan ai uwarka ce, da magana ta ƙare a nan, kowa ya ji kunya a tashi. Amma ta dubi ƙafar, ta dubi zanen da ya koɗe, ta hango wannan matar zaune a kan kujerar uwar ango a gaban ƙawayenta na Yamai da Ƙonni. Ta jefa gyaɗa a baki.

"Allah sarki. To in kin koma ki gaida innar tashi. Ki ce mata kada ta wahal da kanta zuwa buki, hanya ba ta da kyau. Mu nan mun isam mashi."

"Za ta ji," in ji Jaratu.

Harisu ya ga ƙunshin da ke gefen kujera, ya ɗauka ya kwance. Ƙamshin cukun ya bugi hancinsa, ya ɗan tsaya, har Jaratu ta saci kallonsa ta gefen mayafi. Sai ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu, ya ce innarsa ce ta aiko mata. Hajiya ta ɓalli gefe ta ɗanɗana ta ce lalle na ƙwarai ne. Ya ce wa Raihana ta turo masa hotunan, ya saki labulen. Raihana ita kaɗai ce ba ta gane komai ba, ta rako tsohuwar har bakin titi tana ce mata ta riƙa shafa mai safe da yamma.

A tasha ta kwana. Motar da ta maido ta washegari a mararraba ta sauke ta da hantsi, sauran tafiyar ta ƙasa ce, ta kan tudu. Ta cire silifas ta ɗora a ka yadda ta saba, ta taka. Ta ɗauka wuta ta taka. Duwatsun da ta shekara hamsin tana bi ba ta san suna da baki ba, ranar ta sani. Ta sauke silifas ta sa, roba ce sirirriya, ba a yi nisa ba ƙayar farar ƙaya ta huda ta ta shige daidai ƙarƙashin giɓin yatsa. Ta zauna a kan dutse ta zare, jini ya biyo. Yara masu kiwo suka tsaya suna kallon abin da ba su taɓa gani ba, Jaratu tana ɗingishi.

Ƙafar ta kumbura, ta yi ruwa. Damina ta faɗi tana zaune a ƙofar ɗaki, wasu suka yi mata shuka don Allah, suka yi ta yadda ake yin aikin don Allah. Ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ta ce ta same shi lafiya, wurin ya yi kyau. Sai da hoton sabon allon ya zagayo cikin wayoyi. Ga ƙafarta ta hagu, an ƙara mata girma ta kai tsayin mutum, kowane faso ya fito kamar kwazazzabo, an yi rubutu da ja a samanta. A gefe ga wata ƙafa mai lalle da yatsu biyar, ta wata yarinya, an ce ita ce bayan aiki. Matan gari suka riƙa shigowa dubiya da waya a hannu, su dubi hoto su dubi ƙafa, su ce a gidan ɗanta har yatsa ake tsirar wa mutum, ita ce ta yi gaggawar tahowa. Waɗanda suka fi dariya su ne masu cewa ta san kanta. Jaratu ta tambayi wani da ya je Madawa ko wurin yana samun mutane. Aka ce cike yake. Ta ce madalla.

Zalika ta kira yayanta ta wanke shi tas, shi kuma ya toshe lambarta. Aka ɗaura aure bayan girbi, a waya suka ga bikin. Daga nan Zalika ta juyo kan uwarta, kullum magana ɗaya.

"Suna ɗai na, Inna. Ba shi cizo. Ki hwaɗe shi sau guda ki huta, shi ma shi huta."

Jaratu ta yi kamar ba ta ji ba, amma ta fara gwadawa. In ta kai wa awaki dusa sai ta motsa leɓe ba sauti. Daga baya ta fara fitar da rabinsa, ta haɗiye rabin. Ranar da ta faɗe shi duka, a cikin rumbu ne, kanta a ciki tana ɗebo gero, kuma sai da ta fito ta duba ko wani ya ji. Sunan ya yi mata daɗi a baki har ta ji haushin shekarun da ta yi ba ta ɗanɗana shi ba.

Wata safiya ta ce wa Zalika ta shirya. Suka ari wayar Yunusa mai cajin batir, tun da ta Zalika ba ta shiga, suka hau kan dutsen da ake samun rezo, inda kira ke shiga, Jaratu tana dogara sanda. Zalika ta danna lambar ta kanga mata a kunne. Ta yi ƙara, ta sake yi. Aka ɗauka. A bayan muryar ana jin ruwan nan yana gudu.

"Alo?"

Jaratu ta runtse ido, ta riƙe sandar da hannu biyu.

"Harisu."

"Awo, ni na. Wa ka magana?"

Ta buɗe baki, ba ta shirya wa wannan ba. Suna ɗaya ta koya.

"Alo? Hajiya, in tausa ta, sai bayan la'asar, yanzu wuri ya cika. Wa za a ce?"

Ba wulaƙanci a muryarsa ko kaɗan, ladabi ne zalla, irin wanda ake yi wa baƙuwa. Bai san muryar ba ne. Ina zai san ta, tun da ba ta taɓa nufo shi ba?

"Ba kowa," in ji Jaratu. "Kuskure na."

Ta ture wayar daga kunnenta ta ce wa Zalika ta kashe, kada batirin mutane ya ƙare. Sa'an nan ta fara saukowa, tana duba inda za ta ajiye ƙafa.